Shafin Baya na Littafin Bashi

Duk ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi yana da littafin bashi. Nawa fuska biyu gare shi. In ka buɗe ta gaba, sunayen mutane ne da jarkokin man gyaɗa da buhunan riɗi da ranar da aka yi alkawarin biya. In ka juya ta baya kuma sai ka tarar da wani lissafi da bai taɓa kawo min ko sisi ba: shekara, sai layi biyu a ƙarƙashinta, ɗaya da rubutuna, ɗaya da rubutun aminina da mutanen kasuwa ke kira Alhajin Madani. Kowa ya rubuta ƙungiyar da yake ganin za ta ɗauki kofin gasar ƙwallon Sudan, da ɗan wasan da zai fi kowa zura ƙwallo, ya sa hannu. Tun 1998 muke haka, kafin a buga wasan farko na kowace kaka. Wannan ne littafi na huɗu. Duk wanda ya cika, sai na yage shafukan baya na liƙa a sabo kafin in fara kwafe sunayen masu bashi. Uwargida ta ce wannan kaɗai ya isa a gane irin mijin da Allah ya haɗa ta da shi.

Ga masu karatu daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi, bari in faɗi inda nake. Fau gari ne a gindin dutse, a jihar Gadarif, kan titin da ya taso daga Wad Madani ya nufi gabas. Nan ne hedikwatar aikin noman rani na Rahad, inda ake noman auduga da gyaɗa da dawa, ƙauyukan ma da lamba ake kiran su. Kakana daga wajen Haɗeja ya fito da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a Mai Wurno, kusa da Sannar, ya zauna. Mahaifina ya dawo da mu Fau ina yaro, lokacin da aka buɗe aikin Rahad. Ni kuma na tashi ina sayen gyaɗa wajen manoma, a matse min mai, in tura Madani. Wanda yake karɓa a can shi ne Alhajin nan. Ta haka muka haɗu, ƙwallo ce ta mai da mu aminai, ko in ce ta mai da mu abokan faɗa na har abada.

A Sudan tambaya ɗaya ake wa mutum: Hilal ko Marikh? Dukansu na Umdurman ne, Hilal mai shuɗi, Marikh mai ja da rawaya, filayensu ma ba nisa tsakani. Tun da aka fara gasar ƙasa, kusan kowace shekara ɗayansu ne ke ɗauka. Rabon da wata ƙungiya ta kutsa tsakaninsu tun 1992, lokacin da Hilal ta Bur Sudan ta yi abin mamaki, ita ma ɗin ka ji sunanta. Ni Hilal na kama tun 1987, ina saurayi, muna zagaye da rediyo ana wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka da Al-Ahli ta Masar. An tashi ba ci a gida, aka ci mu 2 a Alƙahira. Ka ga da kuka na shiga, shi ya sa ban iya fita ba. Alhaji kuwa da dariya ya shiga tasa. A 1989 Marikh ta ɗauki kofin Afirka na masu riƙe da kofi, ta hannun Bendel United ta Najeriya, kuma har yau babu wata ƙungiyar Sudan da ta sake kawo irinsa. Shekara 27 ke nan duk gardamar da na kusa kayar da shi sai ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Malam, ina naku?"

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai san ƙwallo ba, amma ranar wasan Bendel ya zauna kusa da rediyo yana tambaya, "Waɗanne ne 'yan gida?" Aka ce masa Marikh. Ya ce a'a, su waɗancan da suka zo daga wajenmu. Mutumin da bai taɓa taka Najeriya ba.

Wani zai ce to wane irin hasashe ne wannan, tunda ni kullum Hilal nake rubutawa, shi kullum Marikh? Gaskiya ne, layin farko ba ya canzawa. Daɗin yana cikin dalilai. Alhaji yakan zo Fau da kansa, ya kwana, bayan isha'i a shimfiɗa tabarma ƙofar shago, a kawo jabana, wato gahawarmu ta nan mai citta, a fara: wa aka saya, wa aka sallama, sabon koci ya san zafin Atbara kuwa, mai tsaron ragar nan idonsa na gani da dare? Yaran kasuwa su taru, kowa na jefa baki. Sai an gaji sannan a ɗauko littafi. Tun farko wani malami maƙwabcinmu ya ja mana kunne cewa in wanda ya faɗi ne zai biya wani abu, to caca ce. Sai muka juya dokar: wanda ƙungiyarsa ta ci shi zai sayi agashe, tsiren da Hausawa suka koya wa Sudan ci, ya ciyar da majalisa a matsayin godiya. Ban san na sa wa kaina tarko ba. Daga 2003 zuwa 2007 Hilal ta ɗauka sau biyar a jere, sau biyar ina sayen nama, Alhaji na ci yana zagin alƙalan wasa da baki cike.

In na duba shafukan nan, wuraren da muka fi cika baki nan muka fi shan ƙasa. A ƙarshen 2008 Marikh ta zuba kuɗi masu yawa ta sayo Stephen Worgu daga Enyimba, yaron da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar zakarun Afirka ta shekarar. Alhaji ya rubuta sunansa har da jan layi biyu, ya ce in fara tara kuɗin magani. Hilal ce ta ɗauki kofin 2009. Ni ma na taɓa rantsuwa a gaban jama'a cewa rana za ta fito daga yamma kafin Haisam Mustafa, kyaftin ɗinmu da ake kira Yarima, ya sa jar riga. A kakar 2013 ga shi nan cikin rigar Marikh. Sati biyu ban ɗauki wayar Alhaji ba.

Akwai layi ɗaya da ba ma dariya a kansa. A 2010, wajen wanda zai fi zura ƙwallo, Alhaji ya rubuta Endurance Idahor, ɗan Najeriyar da ke buga wa Marikh gaba. Ranar 6 ga Maris na shekarar, ana wasa da Al-Amal ta Atbara, yaron ya faɗi a fili, bai tashi ba. Da Alhaji ya zo Fau bayan haka ya ce in ba shi littafin. Na ɗauka zai soke sunan ne. Ya duba kawai ya rufe.

Wani ɗan yayata da ke tuƙin tasi a New York ya taɓa yi mana dariya da na ba shi labarin littafin. Ya ce a can akwai wasan da ake kira besbol, na sanda da ƙaramar ƙwallo, ƙungiyoyi 30, kowace na buga wasa 162 kafin ma a shiga zagayen neman kofi. Kafin kaka ta fara a ƙarshen Maris, masana na zuba lissafin kowane ɗan wasa a kwamfuta su fitar da wanda zai yi nasara. Duk da haka daga 2001 zuwa 2024 ba a samu ƙungiyar da ta ɗauki kofin sau biyu a jere ba. Ya ce, "Kawu, naku ai ba hasashe ba ne, jefa kwabo ne." Na ce masa su da kwamfutarsu da mu da tabarmarmu abu ɗaya muka haɗu a kai: duk muna gardamar wa zai ci, ba wanda ke tambaya ko za a gama. Lokacin da na faɗi haka wasa nake yi.

Shafin ƙarshen 2022 yana nan. Na rubuta Hilal, na rubuta Muhammad Abdurrahman da ake wa laƙabi da Gharbal. Alhaji ya rubuta nasa. Gefen da muke sa sakamako fari ne har yau. Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum, gasar ta tsaya inda take.

A nan ne hasashen ya tsallako daga bayan littafi zuwa gabansa. Mutanen Khartum sun kwararo Madani, garin ya cika maƙil, duk abin da ka kai sai ya ƙare. Alhaji ya kira ni ya ce, "Malam, wannan abin na Khartum ne, ba zai iso nan ba. Turo duk abin da kake da shi." Ba zan ɗora masa shi kaɗai ba, ni ma haka na gani, haka kusan duk wanda na sani ya gani. Muka yi lissafi irin na tabarma: ga nisa, ga kogi, ga sojoji, ga manyan mutane da suka kwaso iyalansu suka kawo can. Dalilai masu kyau ƙwarai. A kakar gyaɗa ta 2023 na tura masa jarka 140 ta mai, bashi, mafi yawan da na taɓa ba mutum ɗaya. Rabin kuɗin gyaɗar ma ba nawa ba ne, na manoma ne da suka yarda da ni.

A tsakiyar Disamba Madani ta faɗi. Kwana huɗu ba labarinsa. Ran na biyar da hantsi yarona ya shigo shago da gudu ya ce, "Baba, ga Alhaji." A bayan wata tarakta suka iso, shi da matarsa da 'ya'ya da jikoki, mutum goma sha ɗaya, da bargo biyu da tukunya. Mutumin da ban taɓa gani ba rawani ba, ga shi da hula kawai, ƙafa duk ta kumbura. Bai gama gaisawa ba ya ce, "Malam, man nan..." Na ce ya shiga ya sha ruwa.

Wata goma sha huɗu suka yi a gidana. Fau ta koma bakin daga, titin Madani ya rufe, makarantu suka cika da 'yan gudun hijira, wani dare ka ji ƙarar manyan bindigogi daga yamma. Na sayar da fili ɗaya da raƙuman kuɗin da nake ajiye wa auren 'yata, wato 'yan shanu uku da ke hannun wani makiyayi, na biya manoma. Ba na faɗa don a yaba min ba ne. Akwai daren da na kwanta ina jin haushinsa har cikin ƙashi, ina jin tarinsa ta bayan katanga ina cewa a raina, wannan ne ya ce ba zai iso ba. Da safe kuma mu haɗu a masallaci in kasa haɗa ido da shi, kamar ni ne mai bashin.

Abin da ya fi damuna shi ne shirunsa. Alhaji da ake jin muryarsa daga tashar mota ya koma sai ka yi magana uku ya amsa ɗaya. Da labari ya zo a 2024 cewa Muritaniya ta yarda Hilal da Marikh su shiga gasarta, su zauna a Nuwakshot, sai na ce ga dama. Na sa aka dafa jabana, na ɗauko littafi, na juya baya, na rubuta nawa, na tura masa biro. Ya dube shi ya ce, "Rufe, Malam. Ni yanzu ko jibi ba na hange." Na ce wasa ne fa. Ya ce, "Da wasa na fara." Layinsa na wannan shekarar babu komai. Hilal ta gama a saman teburin Muritaniya, ta kuma kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar zakarun Afirka kafin Al-Ahli, ita dai, ta fitar da mu. Ban sayi agashe ba. Wa zan tsokana?

Sau ɗaya na ga tsohon Alhaji ya leƙo. A Oktoban 2024 ƙungiyar ƙasa, ƙarƙashin Kwesi Appiah ɗan Gana, ta ci Gana 2 da nema a Bangazi ta Libiya, inda muke karɓar baƙi tunda gida ba fili. Muna kallo a wayar yarona mu kusan goma. Da ta biyu ta shiga ya miƙe tsaye ya yi kabbara. Wata guda bayan haka Nijar ta yi mana 4 da nema, ya ce, "To, 'yan'uwan kakanka sun gaishe mu." Wannan ce tsokanarsa ta farko cikin shekara. Duk da haka Sudan ta samu gurbin gasar kofin Afirka ta Maroko, Gana ba ta samu ba, abin da ko mahaukaci bai rubuta ba. (Masu karatu na Najeriya su yi haƙuri, ba zan tsallake 4 da nema da muka yi muku a Zanzibar a watan Agustan 2025 ba, a gasar 'yan wasan cikin gida. Ranar na tuna mahaifina. Da yana raye ban san wa zai kira 'yan gida ba.)

Ranar 11 ga Janairun 2025 sojoji suka koma Madani. Bayan 'yan makonni Alhaji ya tafi ya gano. Shagon na nan, ƙofar ce babu, da kantoci, da wayoyin lantarki na cikin bango. Jarka ko ɗaya. Ya kwashe iyalinsa suka koma duk da haka, ya fara sayar da albasa da gawayi a kan buhu a gaban shagon da ya yi shekara talatin yana ba wasu sari. Duk ƙarshen wata yana turo min ɗan abin da ya samu ta Bankak, ina rubutawa a gaban littafi. Amma kowa ya san lissafin ya lalace. Kafin yaƙi dala ɗaya wajen fam 600 ce, a 2025 ta haura 3,000 a kasuwa. Ko ya biya adadin da ke rubuce har ƙarshe, ba zai sayi kashi ɗaya cikin biyar na man ba. Shi ya sani, ni na sani, ba wanda ya taɓa furtawa. A watan Yuli aka yi 'yar gajeriyar gasa a Atbara da Damar, Hilal ta ɗauka. Ban kira shi ba, shi ma bai kira ba.

Yanzu ga kaka biyu sun zo tare. Gyaɗa ta fara shigowa daga ƙauyuka, an fara yankan riɗi a Gadarif, kuma a wannan kaka ta 2025 Hilal da Marikh sun koma Ruwanda don buga gasar can daga Kigali. Daren Talatar da ta wuce ina lissafi sai ga saƙon murya a WhatsApp. Minti shida. Alhaji ne, da tsohuwar muryar nan. Wai Florent Ibenge ya bar mu ya tafi Azam ta Tanzaniya, sabon kocinmu ɗan Romaniya bai san ko sunan yaransa ba, Hilal za ta raba hankali tsakanin gasar Afirka da ta Ruwanda ga kwantan wasanni sun taru, ruwan Kigali ba irin na Nuwakshot ba ne. A ƙarshe ya ce, "Rubuta min Marikh, in na zo zan sa hannu." Sai ya yi shiru kaɗan, har na ɗauka saƙon ya ƙare. Ya ce, "Malam, an sa wa shagon ƙofa. In da hali, ko jarka talatin."

Na saurara sau uku. Kuskuren da na yi shi ne na saurara a tsakar gida.

Babban ɗana, wanda yanzu shi ke riƙe da rabin harkar, bai ɓoye ba. Ya ce, "Baba, da girmanka, amma na baya bai dawo ba. Yaƙin nan bai ƙare ba, jirage marasa matuƙa har Bur Sudan sun kai. In abin ya sake juyowa fa? Wannan karon me za mu sayar?" Ba abin da ya faɗa da ba gaskiya ba. Uwargida ba ta ce komai ba, ta dai tashi ta shiga ɗakin 'yar da aka ɗaga aurenta sau biyu. Wannan ya fi maganar yaron nauyi.

Na kwana ina juyawa. Na yi ƙoƙarin yin lissafin yadda nake wa ƙwallo, dalili bayan dalili: mutane na komawa Madani, titi a buɗe yake, mai na tsada a can, Alhaji bai taɓa cin kwabona ba cikin shekara ashirin da biyar. Sai na tuna dalilan 2023 sun fi waɗannan kyau. Ban da wata hujja da zan ba ɗana cewa gobe lafiya. Abin da nake da shi kawai shi ne mutumin da ya ce ko jibi ba ya hange yau yana min gardamar wasan da za a gama a tsakiyar baɗi. Kuma manoman da za su kawo min gyaɗa makon nan su tafi ba tare da kuɗi a hannu ba, su ma ba takardar tabbaci na ba su ba.

Da safe na ce wa yaron ba talatin ba, ashirin, kuma daga rabona, ba za a taɓa kuɗin manoma ko na auren ƙanwarsa ba. Ya ce, "To, Baba," irin to ɗin da ake faɗa wa uba. Har yanzu fuskarsa ba ta sake ba.

Nawa hasashen kuwa, tunda shi ne asalin maganar, ga shi, kowa ya riƙe ni da shi. Hilal za ta gama a gaban Marikh, don ta fi ta zurfin benci, kuma yawancin yaran da suka sha wuyar Muritaniya tare suna nan, sun saba da zama a otal da wasa ba 'yan kallo. Maganar koci da Alhaji ya yi tana da ƙamshin gaskiya, ina sa ran za mu yi tuntuɓe a wasannin farko, kada kowa ya gaya masa na yarda. Wadda nake tsoro ita ce APR, ƙungiyar sojojin Ruwanda, da ta yi shekaru tana ɗaukar kofin can a jere, ga fili nata ga jama'a nata. Duk da haka Hilal na rubuta a sama. Wajen mai zura ƙwallo na sake rubuta Gharbal, ko don layin 2022 da bai samu amsa ba.

Jiya motar ta tashi bayan azahar. Na rubuta jarka 20 a gaba, ƙarƙashin tsohon lissafin, ban ja layi tsakaninsu ba. Na juya baya na rubuta masa Marikh da fensir, na bar wurin sa hannu. Direban ya kira ni da magariba ya ce sun tsallake gadar Hantub, Alhaji na tsaye bakin titi da rawaninsa, kuma ya ce a gaya min in fara neman mai agashe mai araha, wai bana shi zai saya.